Tsagar da ke Bayan Kabad ɗin Mama

San Antonio,
19 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Amparo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Eusebio. Yaya gwiwarsa? Ki ce masa ya daina hawa tsani, matasa ba su ƙare a Toledo ba. Ina jikarmu Marisela? Na saka mata ɗan littafi a cikin ambulan ɗin nan. Kada ki karanta mata, ki bar ta ita ta karanta miki ko da tana tuntuɓe, haka bakin yaro yake sakewa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali mun yi waya ranar Lahadi. A waya, da kin ce "Auta, lafiya?" sai in ce lafiya ƙalau, maganar ta mutu a nan. Wannan kuwa ba ta mutuwa.

Takardar ofishin ƙiyasin gidaje ta iso ranar Talata. Tun da Mama ta rasu bara gidan ya dawo sunanmu ni da ke, na san sassaucin haraji na tsofaffi da ake yi mata ya tafi tare da ita, ni kuma saura shekara huɗu in kai sittin da biyar. Na shirya wa ƙari. Ban shirya wa wannan ba. Sun yi wa gidan Baba kuɗi kamar ɗaya daga cikin sababbin gidajen nan masu launin toka da ake ta ginawa a bakin titinmu. Idan ƙiyasin ya tsaya a haka, harajin da zan biya a Janairu zai cinye albashina na wata biyu da 'yan kai. A tsaye na karanta takardar, sai da na nemi kujera.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, da hannuna na jawo.

Kin tuna Doña Chayo, maƙwabciyarmu ta hannun dama, mai kajin nan da suke cinye wa Mama barkono? Kafin Kirsimeti ta leƙo ta kan shinge ta ce mini mutanen ƙiyasi za su zagayo unguwa suna ɗaukar hoton gidaje. Na yi mata godiya. Kin dai san yadda aka tashe mu: baƙo ba ya zuwa ya tarar da gidan Babanmu, Don Nicanor Arredondo, a hargitse. Na kwashe hutun makaranta gaba ɗaya ina fenti. Na yi wa gaban gida ruwan ƙwai, na gyara matakalar baranda, na jera tukwanen furanni, har gindin ɓauren Baba na shafa wa farar ƙasa.

Mutumin ya zo wata Asabar da hantsi, wani dattijo mai suna Mista Pruitt. Ya ce daga waje kawai zai duba, ba sai ya shigo ba. Ni kuwa ina! Yaushe Mama ta taɓa barin mutum a tsaye a ƙofa? Na shigo da shi falo, na ba shi kofi mai kirfa, na shiga yabon gida. Na ce mahaifinmu magini ne, shi ya zuba harsashin ginin nan da hannunsa, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Na ce ai bai ga komai ba sai ya ga ɗakin baya da Baba ya ƙara lokacin da kika shiga sakandare. Ya duba takardarsa, ya dube ni, ya ce, "Malama, kin tabbata kina so in ga ɗakin nan?" Na ce ƙwarai kuwa. Ashe ɗakin ba ya cikin rajistarsu. Ya fitar da abin awo ya auna, ni na riƙe masa ɗaya bakin.

Ban manta abin da kika ce mini a kicin bayan jana'izar Mama ba: in zauna muddin ina iya ɗaukar gidan, ranar da ya fi ƙarfina mu sayar mu raba. Na yarda a lokacin. Yanzu maganar nan take bi na har cikin aji. Jiya ina rubuta wa yara jimla a allo na tsaya da alli a hannu, sai da wata yarinya ta tambaye ni ko na manta amsar.

An ce ana iya ɗaukaka ƙara kafin tsakiyar Mayu. Zan yi. Don Allah kada ki yanke komai tukuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Herlinda


San Antonio,
6 ga Mayu

Yaya Amparo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ga saƙonki, na gode da kika ce za ki jira. Na ji daɗi da Marisela ta gama littafin. Ki tambaye ta wane ne ya fi ba ta haushi a cikin labarin, kada ki tambaye ta darasin da ta koya.

Na je wa Doña Chayo da takardar, don ita duk shekara sai ta ɗaukaka ƙara, ta mai da abin kamar zuwa coci. Da na ba ta labarin fenti da kofi, ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce, "Malama, shekara talatin kina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ga shi ke aka ci. Da na ce miki suna zuwa, nufina ki fito da tsohuwar katifa ki jingina a baranda, ba ki yi wa gida kwalliyar amarya ba." Ta ce ita a makon da suka zo ko shara ba ta yi ba, har tsohon injin wanki ta ja ta ajiye a ƙofar gida. Ta ƙara da cewa saura kaɗan in ɗaura wa Mista Pruitt ɗin aure da gidan.

Da ta gama tsiyarta ta zaunar da ni ta koya mini. Za a kira ni gaban kwamitin mutum uku, 'yan gari ne kamar mu. Ba sa son kuka, ba sa son labarin marayu, ba ruwansu da cewa albashi bai isa ba. Abu ɗaya suke saurara: hujjar cewa gidan bai kai kuɗin da aka yi masa ba. Wato in je in tsaya in kushe gidan ubana a gaban baƙi, da hotuna. Ta ce duk inda ya lalace in ɗauka, in kusanto da kyamara, kada in share ƙura. Na cike takardar ɗaukaka ƙarar na kai da kaina, na karɓi shaida, na sa ta a cikin littafin addu'ar Mama.

Amma ta faɗi wani abu da ya hana ni sukuni. Ta ce in kushe, amma kada in wuce gona da iri, don ta ji labarin wani a unguwar kudu da ya yi ta kuka da lalacewar gidansa har mahukuntan gari suka zo suka liƙa masa jar takarda a ƙofa, suka ce bai dace a zauna a ciki ba. Ban san ko gaskiya ne ba, kin san labaran Doña Chayo da ƙari. Sai dai tun ranar nake jin kamar ina tafiya a kan igiya. In na rufa wa gidan asiri, haraji ya kore ni. In na tona da yawa, wataƙila tonon ya kore ni.

Unguwar ma ba ta taimaka. An sayar da gidan su Treviño na kusurwa, cikin kwana biyu aka rushe shi, ko bishiyar lemunsu ba a bari ba. Katunan nan na masu sayen gida kuɗi hannu kuwa kullum sai na tarar da biyu ko uku a akwatin wasiƙa. Na jiya da hoton gidanmu a jiki, da sabon fentina da tukwanen furannina, da sunana an rubuta kamar mun saba. Akwai wata farar mota da ke tsayawa a tsallaken titi, mai ita ya sauke gilashi ya yi ta kallon rufinmu, sannan ya ja ya tafi. Ban taɓa jin tsoron mota ba sai yanzu.

Kin tambaye ni ko akwai abin da zan nuna wa kwamitin, tunda a saninki gidan lafiyarsa ƙalau. Akwai 'yan ƙananan abubuwa nan da can, irin na tsohon gida. Zan harhaɗa.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Eusebio.

Taki,
Herlinda


San Antonio,
8 ga Yuni

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan zafin bana bai kai muku can ba. Mu nan an rufe makaranta, na yi sallama da ajina, yara ashirin da biyu, kowa na rubuta masa abin da zai karanta a hutu.

An sa mini rana, sha bakwai ga wata da ƙarfe goma na safe. Kafin ranar akwai abin da ya zama dole in gaya miki, don ba zai yiwu baƙi uku su ga abin da na ɓoye wa 'yar'uwata ba. Na ce miki 'yan ƙananan abubuwa. Ƙarya na yi miki, Yaya.

Ƙofar baya ta shekara biyu ba ta rufuwa, da kujera nake tokare ta. Daɓen kicin ya karkace, na ajiye ɗan ƙwallon gilashi a bakin murhu ya gangara da kansa har gindin firji. Idan ana ruwa, bokiti biyu nake sawa a ɗakin Mama. Kin tuna da kika zo jana'iza na kulle ɗakin na ce miki ba zan iya ganin gadonta ba? Gaskiya ne ban iya ba, amma silin ɗin nake ɓoye miki. Sannan akwai tsaga a bangon falo. Ta daɗe tana leƙowa ta saman kabad ɗin Mama na tangaran, ni kuma na rataya kalandar coci a kanta. Ranar da Mista Pruitt yake shan kofi, a gabanta na tsaya ina yabon harsashin Baba.

Na ɓoye miki ne don na san abin da za ki ce, kuma na san gaskiyarki ce. Gida mai wannan ciwo ya fi ƙarfin malamar firamare da ta kusa ritaya. Na kuma ji kamar in na faɗa da bakina, na ce aikin Baba bai yi ba. Mutumin da yake zagayawa da mu cikin gari ranar Lahadi yana nuna mana bangon da ya gina.

Ranar Alhamis na ce bari in ɗauki hoton tsagar daga sama har ƙasa. Na kwashe tangaran ɗin Mama ɗaya bayan ɗaya na jera a kan gado. Doña Chayo ta shigo, muka cusa tsohon bargo a ƙarƙashin kabad ɗin muka ja, tana ta mita wai zan karya mata baya a kan gidan da ba ta da rabon gado a ciki. Da ya matsa, muka leƙa bayansa. Tsagar ta sauka har daɓe, a ƙasa yatsuna biyu suna shiga. Na ce shi ke nan.

Sai Doña Chayo ta ce in sa tabarau in duba gefen. Yaya, rubutu ne da fensir, irin fensirin nan mai faɗi da Baba yake maƙalawa a kunne. Ya ja ɗan layi a kan tsagar, ya rubuta kwanan wata da faɗinta. Ƙasa da shi wani, ƙasa da shi wani. Na farkon tun ina 'yar shekara ashirin da biyu, na ƙarshen kuma damunar da ya kwanta ciwon ajali. Layi goma sha tara na ƙirga. A gefen wasu ya rubuta "fari", a gefen wasu "ruwa da yawa". Ashe duk shekara yana jan kabad ɗin ya auna ya mayar, ba mu sani ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Doña Chayo ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi in ɗauki hoto, don ko lauya ba zai kawo mini hujjar da ta kai wannan ba. Na ɗauko rular katako ta aji na cusa a tsagar, na ɗauka.

Na kira wani mai gyaran harsashi ya duba ya rubuta mini takarda. Ya ce laka ce a ƙarƙashin unguwar nan, tana kumbura da damina ta motse da rani. Na tambaye shi kai tsaye ko gidan zai faɗo mini. Ya ce ba bana ba, ba baɗi ba, amma yana bukatar aiki babba. Kuɗin da ya rubuta na sa miki kwafinsa, ki gani da idonki, ba zan iya maimaitawa ba.

Ga hotunan nan duka, irin waɗanda zan ba kwamiti, ban cire ko ɗaya ba. Rabin gidan naki ne, rabin tsagar ma naki ne. In kin ce a sayar, ba zan yi faɗa da ke ba, ko da yake ban san inda zan sa kaina ba. Ni dai tsoro nake ji, tsoron kwamitin, tsoron jar takarda, da tsoron amsarki wadda ta fi su duka.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Herlinda


San Antonio,
18 ga Yuni

Yayata Amparo,

Gaisuwa da godiya. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara.

Wasiƙarki ta iso ana jibi za a zauna, na karanta ta a bakin akwatin wasiƙa, rana tana dukana ban ji ba. Ashe ke kika riƙe wa Mama ɗaya gefen kabad ɗin ranar da aka matsar da shi wurin don a rufe tsagar! Shekara kusan arba'in kina sane, kika zo jana'iza kika ga kalandata kika yi shiru don kada ki kunyata ni. Ni ina ɓoye miki, ke kina ɓoye mini kin gani, Mama tana ɓoye wa baƙi, Baba shi kaɗai yake aunawa. Kin ce in je in faɗa musu komai, maganar sayarwa kuma ta dogara da abin da suka yanke: in harajin ya sauko inda zan iya, gida yana nan. Da wannan na shiga.

Doña Chayo ta raka ni. Ta hana ni sa rigar coci, ta ce in na shiga kamar matar gwamna za su ƙara mini. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyin na'ura, mutum uku a bayan tebur: wata dattijuwa ce shugaba, da maza biyu, ɗayansu tsoho mai manyan hannaye. A gefe ga Mista Pruitt a madadin ofishinsu. Aka sa na ɗaga hannu na yi rantsuwa. Na shekara talatin ina magana a gaban mutane, amma jiya ban san ta inda zan fara ba.

Na raba musu hotunan, na sa wa kowanne lamba kamar takardar jarrabawa. Na fara da ƙofa, na wuce kicin, na wuce bokitai. Ina ji kamar ina tuɓe wa Mama zane a kasuwa. Duk abin da na faɗa sai in saci kallon fuskokinsu, ina jiran wanda zai ce to ai wannan gida ba na zama ba ne.

Da aka zo kan Mista Pruitt, ya haska hoton gaban gidan a bango, ruwan ƙwai yana sheƙi, ga furanni, ga ɓaure da farin gindi. Shugabar ta dubi hoton, ta dubi nawa, ta tambaye ni ko gida ɗaya ne. Ta ce a bayaninsa an rubuta cewa mai gida da bakinta ta ce ko ƙusa ba ta motsa ba. Na ji Doña Chayo tana gyaran murya a bayana, alamar in ƙirƙiro wani abu. Na ce mata gida ɗaya ne, kuma na faɗa, kuma ba gaskiya ba ne. Na ce a gidanmu an koya mana baƙo ba ya ganin tsaga, shi kuma baƙo na ɗauke shi.

Sai tsohon nan ya jawo hoto na tara, na rubutun Baba, ya kusanto da shi fuskarsa ya daɗe yana bi layi-layi da yatsa. Ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na ce mahaifina, magini ne. Ya ce shi ma ya shekara arba'in yana zuba kankare a garin nan. "Ba hannunsa ba ne, Malama, ƙasar ce. Da wani ne ya zuba shi, da tuni ya rabe biyu." Ban san lokacin da na dafe bakina ba.

Shugabar ta tambayi Mista Pruitt ko yana da ja. Ya ce ɗakin baya dai yana nan, shi ya auna shi, ba zai iya cewa babu ba. Amma bangon nan bai gan shi ba, don akwai wadda ta tsaya a gabansa da butar kofi. Har shugabar ta murmusa. Ya ce ba ya jayayya da takardar mai gyara.

A gabana suka yi shawara suka yanke. Ɗakin baya ya zauna a rajista, wannan kyautata ce ga gunduma har abada. Amma sun cire kuɗin gyaran harsashi da na rufi daga ƙiyasin. Da muka fito na zauna a mota na yi lissafi sau biyu a bayan ambulan: in na karɓi ajin hutu na Yuli, na bar tsohuwar motar nan ta ƙara shekara, zan iya biya. Kafin in fita na tambayi shugabar, murya ƙasa-ƙasa, ko za su aika wa mahukuntan gari da hotunan. Ta ce su aikinsu kuɗin gida ne kawai. Doña Chayo ta ce ai dama ita ba ta ce tabbas ba ne, ji ta yi. Ta sa na saya mata abincin rana.

To, Yaya, bana gida yana nan. Ba zan ce miki tsoron ya tafi ba. Farar motar ta zo yau da safe, kuma Afrilu mai zuwa wata takardar za ta iso, in sake komawa ɗakin nan mai sanyi. Gyaran ma yana jiranmu, sai kin zo a Agusta mu zauna a kansa.

Kabad ɗin yana tsakiyar falo, ban mayar ba. Ɗazu na samo fensirin Baba a akwatin kayan aikinsa, na feƙe shi da wuƙa, na ja layi ƙasa da nasa na ƙarshe, na rubuta kwanan watan yau da faɗin tsagar. Ta ƙaru sosai tun bayansa. Ki taho da Marisela, zan koya mata karatun rula a jikin bangon mahaifin kakarta. Kuma ki sani tun yanzu, ba zan yi fenti don zuwanki ba.

Ki huta lafiya.

Autarku,
Herlinda